Jirgi Mai Wurin Mutum Ɗaya

Tun da na dawo, ƴan fadarmu ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Sidi ya ce in ba su labarin Faransa tun daga farko, Mamman ya ce shi ƙanƙara yake son ji, alhali ko ƙwaya ban gani ba. Wanda ya fi ba ni haushi Alhusaini tela ne. Ya karɓi portabul ɗina, wato wayar hannu, ya yi ta murza fotuna, sannan ya ɗago ya ce, "Ilyasu, ka je har ƙasar Turawa ka rasa abin ɗauka sai mushen jirage?" To, ga labarin sau ɗaya. Kowa ya buɗe kunne, daga yau a bar ni in huta.

Kun san ni maƙerin azurfa ne a tsohon gari, sana'ar da na gada a wurin Baba, Allah ya jiƙansa. Ƙungiyarmu ta maƙera ce ta tura ni baje kolin kayan hannu, abin da aka rubuta a takardar biza ke nan. Amma abin da ya hana ni zama da gaske farantin shayin Inna ne.

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu ya ga farantin nan. Fari ne, ba nauyi, gefensa ɗaya da jerin ƙusoshi masu kai a shafe, waɗanda ba su da wani aiki a jikin faranti. Baba yana saurayi ya bi ayarin gishiri zuwa Kawar, yana gyara musu sirdi da wuƙaƙe. A Dirku masu dabino suka ba shi labarin wani jirgin yaƙi da ya faɗi a arewacin gari tun zamanin babban yaƙin Turawa, rairayi ya cinye rabinsa. Ya je ya gan shi, ya shiga ya zauna a ciki, ya yanko alminiyom daga jikinsa. Da ya dawo Agadas ya ƙera faranti, ya sa shi a kayan auren Inna. Ta ce ranar da ta tare ya ce mata, "Da jirgin nan yana da wurin mutum biyu, da na gyara shi na zo na ɗauke ki. Wurin mutum ɗaya gare shi." Ita kuma ta ce masa daɗin bakin maƙera ne, wa ya taɓa ganin jirgi mai wurin mutum ɗaya? Ya yi mata alkawarin wata rana zai samo fotonsa ta gani da idonta. Shekaru suka shuɗe, muka zo duniya, Baba ya tafi, foto bai zo ba.

Bara idon Inna ya fara rufewa. Lokotoro, likitan ido, ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce, sai dai a rage mata gudu da magani. Lokacin tafiyata tana gane mutum in ya tsaya a bakin ƙofa haske na bayansa, tana ganin abu in ta kai shi kusa da hanci. Da na je sallama da safe, na tarar ta naɗe farantin a tsohon zanenta.

Ta ce, "Ɗan kawunka Agali ya ce a can suna da gidan da ake ajiye tsofaffin jirage. Tafi da wannan ka nuna musu. Ka ɗauko min shi gaba ɗayansa, daga hanci har wutsiya, tun ina iya gani."

Na ce, "Inna, in sha Allah."

"Ba in sha Allahun ubanka nake so ba," in ji ta. "Na gaske."

Hanyar Yamai ba sai na gaya muku ba. Gudron nan, kwaltar hanyar, ya zama tarihi, kar, babbar motar fasinja, tana tafiya tana rawa kamar mai bori. Kafin Abalak muka yi pan, mota ta lalace, kowa ya sauko ya nemi inuwar da babu. Wata Hajiya mai fataucin gishirin Tegidda, wadda muka zauna kusa tun daga gar, tashar motarmu, ta ga ina rungume da ƙunshi kamar jinjiri. Da samari suka hura gawayi za su dafa shayi aka rasa abin jera finjalai, ta nuna ni ta ce, "Ga mai faranti nan yana ɓoyewa, na ji shi da gwiwata tun safe." Na ce wannan ba na taɓawa ba ne. Ta ce, "Haba ɗana, farantin da ba a shan shayi a kansa ai murfin tukunya ne." Kunya ta sa na kwance. Muka sha har na uku a kansa, na ba su labarin Baba. Hajiya ta ce nata mijin alkawarin Makka ya yi mata, da kuɗin gishirinta ta je.

Daga Yamai jirgi ya ɗauke mu. Ina zaune ina ƙirga kawunan da ke gabana har na gaji, na ce a raina, Inna tana da hujja, wannan gari guda ya kwasa.

A iyakar Faransa aka fara gwada min halin Turawa. Ɗan sandan da ke cikin akwatin gilashi ya karɓi paspor, ya yi min nuni in sauke rawani. A bainar jama'a, da mata da yara! Na sauke, kaina ya ji sanyi, raina ya ji abin da ya fi sanyi. A wurinmu ko jandarma zai tsare ka, sai ya tambayi gajiya da mutanen gida tukuna. Wannan ko sannu. A duwan kuma, wurin ƴan kwastan, wata mata ta duba azurfata da takardunta ba ta ce komai ba, sai da ta kwance zanen Inna. Ta tambaya ko kayan tarihi ne. Na ce na tsohuwata ne. Ta tambaya na sayarwa ne? Na ce ko da gidan nan naku za a ba ni. Ta dube ni ta dubi faranti, ta ga tabon shayin Abalak bai ma fita da kyau ba, ta ce in wuce.

Agali na jirana a waje. Taubashina ne, ɗan wan Inna, ya daɗe a can yana aiki a gidan burodi. Kafin in gaishe shi ya ce, "Bawana ya iso! Ɗauko jakar mu tafi." Na ce, "Ji ɗan gudun hijira, ka yi fari kamar garin alkamarka." Ɗakinsa yana can saman bene, faɗinsa bai kai zauren maƙerata ba. Washegari na shiga asansar, akwatin nan mai hawa bene da mutane, na tarar da maƙwabcinsa, na gaishe shi gaisuwar mutunci: ya kwana, ya iyali, ya aiki, ya sanyi. Mutumin nan ya matse jakarsa a ƙirji, ya sauka a benen da ba nasa ba. Agali ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce sun yi shekara da shekaru ƙofa na kallon ƙofa, bai san sunansa ba.

Abinci kuwa, burodinsu ba laifi, gaskiya ɗaya ce. Amma Agali ya kawo min cukunsu a takarda mai ƙyalli, na buɗe na ce, "Subhanallahi, wa ya mutu?" Namu cuku a rana ake shanya shi ya bushe ya yi ƙamshi, nasu a ɗaki ake kulle shi har ya yi gashi. Shayi kuma a ƙunshe kamar laya, a tsoma a ruwan zafi a cire, ba kumfa, ba na biyu, ba hira. Da kilishin da na taho da shi da dabinon Ingal na rayu.

Baje koli ya yi kyau, wannan ba shi ne labarin ba. Ranar da muka samu hutu, Agali ya kai ni gidan jiragen, can bayan gari, metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, sannan kar.

Kai jama'a! Rumfa ce wadda za ta haɗiye gar ɗinmu da motocinta. Jirage a jere, wasu a ƙasa an kewaye su da igiya, wasu a rataye a sama kamar yanzu za su faɗo. Mutane suna tafiya a hankali suna raɗa kamar gidan ta'aziyya. Na tsaya ina tunanin mu. A Agadas mota ta mutu yau, kafin sati taya ta zama takalmi, ƙarfen ƙasa ya zama wuƙa, alminiyom ya zama tukunya. Su kuwa sun wanke mushe sun goge shi, har ana yankar tike a zo kallo. Na san abubuwan nan don kisa aka ƙera su, bakin bindigogi na nan a fukafukai, ban manta ba. Amma ni maƙeri ne. Da na ga yadda aka lanƙwasa ƙarfe aka haɗa baki da baki ko gashi ba zai shiga ba, hannuna ya fara ƙaiƙayi.

Ku kun san yadda muke gane ƙarfe. Ba da ido ba, sai an ɗalle shi da farce an saurari kukansa. Ban san lokacin da na miƙa hannu ta saman igiya na ɗalli fiffiken wani ba, na kara kunne. Sai ƙara ta tashi, wata mai gadi ta taho da sauri tana cewa, "Monsieur! On ne touche pas!" wato ba a taɓawa. Duk rumfar ta juyo. Na waiga in ga Agali, ashe ɗan banza ya koma can nesa yana karanta allo kamar bai taɓa ganina ba.

Da guntun faransancina na lakwal, wanda na tsinta a makaranta, na ba ta haƙuri, na kwance zanen, na nuna mata farantin. Fuskarta ta sauko. Ta ce in jira, ta tafi ta dawo da wani tsoho mai shuɗin kayan aiki, hannunsa duk baƙin mai. Ashe akwai tsofaffin da ke zuwa suna gyaran jiragen nan don so kawai, ba a biyansu. Ya karɓi faranti ya juya, ya bi jerin ƙusoshin da babban yatsa. Sannan, wallahi ina tsaye, ya ɗalle shi da farce ya kara kunne. Na dubi mai gadi, ita ma ta dube ni, ta kau da kai tana murmushi.

Agali ya dawo da ya ga ba kamu, ya zama tafinta. Tsohon ya ce ba shakka fatar jirgi ce, mai yiwuwa daga ƙasan fiffike. Amma wane jirgi, ba zai iya cewa ba. Guduma ta bi ta kansa, fenti ya tafi, shekaru sun goge sauran. Ya zagaya da mu wurin waɗanda suka yi yawo a sararin Sahara a wancan yaƙi, ya ce wataƙila ɗaya daga cikinsu ne, wataƙila kuma ba ko ɗaya. Na ratso hamada da teku da ƙunshi a ƙirji, a ce min wataƙila?

Na ce wa Agali ya gaya masa abin da Baba ya faɗa: fanka ɗaya a hanci, gilashi a saman kai mai zamewa baya, wurin zaman mutum ɗaya. Tsohon ya tsaya a gaban wani mai launin ƙasa, ƙarami a cikinsu. Ya dubi hagu da dama, ya jawo matakalar aikinsa ya jingina, ya ce in hau in leƙa, amma hannu a baya.

Na hau na leƙa. Rami ne matsattse, kujerar ƙarfe, sanda a tsakiya, agoguna a gaba. Na auna da taƙi a iska ba tare da na taɓa ba: kafaɗar namiji ɗaya, ba ragi. Ko akuya ba za ka sa a gefe ba. A nan na ga Baba. Ba tsohon da kuka sani mai tari a bakin zuga ba, saurayi wanda bai kai ɗana na fari ba, rairayi har gwiwa, yana riƙe da sandar nan yana tunanin wata yarinya a Agadas. Kewarsa ta kama ni irin wadda ban ji ba ko ranar da muka kai shi makwanci. Na so in ce masa, Baba, ga ni na zo, na gani. Na daɗe a kan matakalar, tsohon bai ce in sauko ba.

Daga nan na shiga ɗaukar foto ba ji ba gani, har portabul ya yi zafi. A metro muna komawa Agali ya karɓa yana dubawa. Ya murza, ya murza, ya ce, "Ilyasu, in ba ƙira me ya ci gawayi? Ina jirgin?" Na fizge na duba. Ƙusoshi. Haɗin ƙarfe. Lanƙwasar bakin fiffike. Ƙusoshi kuma. Na ɗauki jirgi yadda maƙeri ke kallon aikin wani maƙeri, hanci a jikin ƙarfe, ko ɗaya babu wanda ya nuna shi daga kai har wutsiya. Agali ya ce zai kira Inna ya gaya mata ɗanta ya kawo mata mudun ƙusa.

Ana gobe zan taso na koma ni kaɗai, na bar wa wani maƙerin da muka zo tare teburin azurfa. Ashe ɗaukar jirgi gaba ɗaya ma aiki ne. In ka samu hanci, wutsiya ta fita. In ka ja baya, wani jirgin ya sa fiffike a tsakani. Hasken rufi kuma yana faɗowa a gilashin ya wanke komai. Na yi ta ja da baya har na taka ƙafar wata mata, na ba da haƙuri, na sake ja na zauna a cikin kwandon shara. A ƙarshe na kwanta rubda ciki a ƙasa da babbar rigata, na jira gajimare ya rufe rana, na ɗauka. Mai gadin nan ce ta tsare min mutane har na gama. Da yamma na kira gida, matata Rabi ta ce kowa lafiya, Inna tana tambaya ko na gan shi. Na ce a ba ta. Rabi ta ce tana ɗaki, kwanan nan ba ta cika fitowa bakin ƙofa ba. Ban kawo komai a raina ba, ina ta murnar fotona.

A Yamai na sa aka wanke min shi babba, aka sa a kwali. Duk ramukan hanyar Tawa da Abalak a cinyata ya yi su.

Na shiga gida da hantsi. Inna tana zaune a rumfa, fuskarta na kallon ƙofa, na tsaya a gabanta haske na bayana. Ba ta motsa ba sai da na yi sallama. Ta ce, "Ilyasu? Matso in ji ka." Ta shafa fuskata da kafaɗuna, ta ce na rame. Na mayar mata da farantinta, ta bi ƙusoshin da yatsa ta tabbatar shi ne. Sannan na sa mata foton a hannu.

Ta riƙe shi kai a ƙasa. Rabi ta dube ni. Ta kai shi kusa da hanci, ta matsar, ta juya wajen rana. Sai ta sauke shi a cinya ta shafa da tafin hannu daga gefe zuwa gefe.

"Santsi gare shi," in ji ta. "Ya yi kyau, ko?"

Na ce, "Ya yi kyau, Inna."

"To madalla. Allah ya yi maka albarka. Rataye shi inda baƙi za su gani."

Na fita na zauna a maƙera, ban hura wuta ba. Baƙin ciki ya cika ni, har da haushin kwanakin da na yi ina sayar wa Turawa zobe. Na makara kamar yadda Baba ya makara. Ina zaune ina murza portabul ba dalili, sai ga fotunan ƙusoshin nan da Agali ya yi wa dariya, kowane layi a fili, kowane haɗi a wurinsa.

Washegari na je wurin masu tukwane na samo fallen alminiyom. Na zana jirgin daga babban foto, na kifa fallen na dinga bugunsa ta baya har jiki ya taso, fiffike ya taso, fanka ta fito. Ƙusoshin na dasa su ɗaya bayan ɗaya yadda suke a ƙananan fotuna. Wurin zaman kuwa na lotsa shi ciki, daidai rabonsa da sauran jiki yadda na auna a kan matakala. Kwanakin da kuka ce na dawo daga Turai na daina zuwa fada don girman kai, Sidi, abin da nake yi ke nan.

Ranar da na gama, bayan la'asar na kai mata. Na ce, "Inna, ba ni hannunki." Na ɗora yatsanta a hanci.

Yatsan ya zagaya fanka, ya bi baya har wutsiya, ya dawo ya fita kan fiffike, yana tsayawa a kowace ƙusa. Ta ce, "Daga ina ya yanko nawa?" Na kai yatsan ƙasan fiffike. Sannan na gaya mata gaskiya, na ce masu gidan ba su tabbatar ko irin wannan ne Baba ya gani ba, sun ce dai ya yi kama.

Ba ta ko saurare ni ba. Yatsanta ya riga ya faɗa cikin ramin. Ta tsaya. Ta ɗago na biyu ta gwada sa shi a gefe, ya ƙi. Ta juya hannun ta sake gwadawa, ya ƙi.

Sai ta yi dariya, ƴar ƙarama, irin wadda rabona da ji tun Baba na da rai. Hawaye na bin kuncinta ba ta share ba.

"Ashe gaskiya ya faɗa," in ji ta. "Shekara da shekaru ina ce masa maƙaryaci. Babu wurin mutum biyu."

Rabi ta kawo shayi a tsohon farantin, ta ajiye a gabanta. Inna ta ce a bari ya huce. Har aka kira magariba yatsanta na cikin ramin.